Ranar Asabar da Baba Ya Gwada Ajinmu

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baffa da yara duka. Yaya ƙafar taki? Umma ta ce kin gaya mata tana kumbura idan kin daɗe a tsaye a wurin aiki. Allah ya ba ki sauƙi, ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya bar mana ke. Mu ma nan kowa lafiya. Baba yana ta fama a shago, an ba shi aikin ƙofofin wani sabon gida, kullum da garin katako yake dawowa har cikin gira. Umma ɗinki ya yi mata yawa, wani lokaci a kan keken take cin abinci. Kaka tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwa. Ta ce a gaya miki ta daina tambayar yaushe za ki zo, wai tunda kin zama 'yar can, a aiko mata da hotonki ta rataye a ɗaki ta riƙa yi masa faɗa. Kyanwar nan da kika ce a kora ta sake haihuwa a bayan buhun gawayi, kuma Kaka ce da kanta take ba ta madara a ɓoye.

Gwaggo, na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda ko a waya idan Baba ya miƙo mini ba na wuce gaisuwa. Kin sha yi mini tsiya wai maganata a kulle take cikin akwati kuma mabuɗin ya ɓata. Haka ne, idan na buɗe baki a gaban manya sai maganar ta ƙi fitowa. Kuma wayar ta Baba ce, yana tsaye a kaina nake karɓa, abin da nake son faɗa kuwa shi ya shafa. Shi ya sa na ciro takardu daga tsakiyar littafina nake rubuta miki, zan saka cikin ledar ɗinkinki da Umma za ta ba direban motar garinku. Umma ta sani, ta ce in rubuta amma ita babu ruwanta. Maganar ita ce saura mako uku mu fara jarrabawar ƙarshen zango, kuma Baba ya ce idan ban ci ba, na gama makaranta ke nan. Zan gaya miki yadda aka yi abin ya kai haka tun daga farko, ki yi haƙuri da tsawonsa. Ke kaɗai ce idan kin yi magana yake ajiye abin da ke hannunsa ya saurara.

Kin tuna firamarenmu, inda kika raka ni karɓar sakamako na zo ta uku. Ajinmu na can ƙarami ne, akwai silin, ko malami ya yi magana ƙasa-ƙasa kowa yana ji. Ajin da nake ciki yanzu a sakandare ba haka yake ba. Da can zauren taro ne, da ɗalibai suka yi yawa sai aka raba shi biyu da katako, mu 'yan aji ɗaya a gefe guda, 'yan aji biyu a ɗaya gefen. Katakon bai kai sama ba, kaɗan ya fi Baba tsayi, daga nan har rufi fili ne. Rufin kwano ne tsirara, idan ka ɗaga kai kana ganin ƙusoshi da sheƙar tattabaru. Ƙasa siminti, bango siminti, ƙafafun benci duk na ƙarfe, mutum ɗaya ya gyara zama sai ka ji ƙarar har cikin haƙori. Mu tamanin da huɗu ne a ciki. Tagogin gefe, na wajen baya, suna kallon wani lungu, a lungun akwai mai walda. Daga ƙarfe tara yake fara yankan ƙarfe, ya yi shiru kamar ya gama, kana sakin jiki sai ya sake. Idan Malama ta yi magana a gaban allo muryarta ba ta zuwa mana kai tsaye. Sai ta hau sama ta bugi kwano, ta bugi bango, ta cakuɗe da ta wancan ajin, sannan ta sauko mana a dame, kamar mutum ya zura kansa cikin ganga yana magana. Ba wai ba na jin komai ba ne, Gwaggo. Ina jin tashin murya da saukarta, na san inda aka yi tambaya, na san inda aka yi abin dariya don na gaba suna yi. Kalmomin ne ba sa rabuwa da juna.

Wurin zama kuma ba mu muke zaɓa ba. Dokar makarantar ita ce duk ƙarshen wata a yi gwaji, sai a jera mu bisa maki. Waɗanda suka fi ci su zauna a layin farko, a yi ta bi har baya. Shugaban makaranta ya ce a wurin taro an yi haka ne don kowa ya yi zuciya, mai son gaba ya nema da guminsa. Ni kuwa kin san zazzaɓin da ya kwantar da ni farkon zango, sai da na yi mako uku ban je ba. Kafin in koma an riga an yi gwajin farko, ba ni da maki, sai aka kai ni layin ƙarshe, jikin katakon nan, ƙarƙashin taga. Allon 'yan aji biyu a bayan wannan katakon aka kafa shi, wato malaminsu a bayan ƙeyata yake tsaye, ina jin har tarinsa da karyewar allinsa, tawa Malamar kuwa tana can nesa kamar a tsallaken titi. A ranar ban damu ba, na ce a raina wata ɗaya ne, ana yin gwaji zan matsa. Wadda na tarar a bencin wata yarinya ce da ake kira Doguwa, shekararta ta biyu ke nan a aji ɗaya. Ta matsa mini, ta share wurin da tafin hannunta, ta yi mini barka da zuwa unguwar kurame, ta ce nan wanda ya tare ba ya tashi. Wai ita ta gama karatun aji biyu kaf da ƙeya, na aji ɗaya ne kawai ya gagare ta. Na yi murmushi don kada ta ce ina da girman kai. Ta dube ni ta ce ita ma irin wannan murmushin ta yi bara.

Littattafan karatu ba su isa ba, allon kuma ya koɗe har alli ba ya fita sosai, don haka yawancin darasi karanto mana ake yi muna rubutawa, kuma daga abin da muka rubuta ake fitar da tambayoyi. Na koyi kallon bakin Malama, idan tana fuskantarmu ina kama rabi. To amma in na kalli bakinta ban rubuta ba, in na sunkuya na rubuta ta wuce, in kuma ita ta sunkuyar da kai kan littafi shi ke nan. Duk inda ban ji ba sai in bar fili, da niyyar zan cike daga baya. Yanzu littafina kamar tsohon mataji yake, haƙori ɗaya nan, giɓi can. Na taɓa yin ƙarfin hali na roƙi wata ta layin farko ta ara mini nata in kwafa lokacin hutun tara. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, ta ce in yi haƙuri, in ta ba ni dole ta ba kowa, kuma in kowa ya ci ita ina za ta zauna. Haka duk na gaba suke, a jaka suke kulle littafi ko bayan gida za su. Wata rana kuma na yi sammako na zauna a layi na uku, na sunkuyar da kai ko Allah zai sa ba a lura ba. Minti goma na yi a wurin, kuma a minti goman nan na ji kowace kalma, har na ji ashe Malama tana da ɗan tsamin baki, abin da ban taɓa sani ba. Sai monita ta zo da takardar jeri, ta karanta lambata da ƙarfi, ta tambaye ni ko na ɓata hanya ne. Aji ya yi dariya. Na kwashi jakata na koma, ban sake ba.

Gwaji na biyu na zo ta saba'in da ɗaya, na uku ta saba'in da huɗu. Ranar da na kai wa Baba sakamakon ya ce in kawo littattafaina. Ya daɗe yana buɗawa, ya tambaye ni wannan littafi ne ko raga. Ya ce in gaya masa da wa nake zama, wa ya koya mini wasa, ni da ko a gida ba a jin motsina. Na tsaya ina kallon ƙasa har Umma ta ce in yi magana mana, ba cinye ni zai yi ba. Sai na ce ba na ji. Gwaggo, sai na ga ya tsorata. Ya ɗauka zazzaɓin nan ne ya taɓa mini kunne. Washegari bai buɗe shago ba, ya kai ni asibiti da kansa. Aka shigar da ni wani ƙaramin ɗaki mai labule da kafet, shiru kamar babu kowa a duniya. Nas ta haska kunnuwana da 'yar fitila, ta ce tas suke. Ta koma bayana can jikin ƙofa tana faɗin lambobi da raɗa, ta ce in maimaita. Wallahi sai da na yi tunanin in yi kamar ban ji ba, don in an ce kunnena ne, ƙila a tausaya a mai da ni gaba. Amma na kasa, na maimaita duka. Ta yi dariya ta ce wa Baba wannan ai ko tururuwa ta yi tuntuɓe za ta ji. Baba ya yi hamdala har sau uku. Sai da muka fito bakin titi na ga fuskarsa ta fara canzawa.

Da yamma na gaya wa Umma ba kunnena ba ne, ɗakin ne, ita kuma ta gaya masa. Ya ce to, in dai maganar ɗaki ce an zo wurinsa, shekara talatin yana shiga ɗakunan mutane da tef da guduma, zai je ya gani da idonsa. Na yi murna har na kasa cin abinci. Sai ya ce ranar Asabar za mu, don ranakun mako aikin mutane yana wuyansa, kuma ya san maigadin makarantar, ya taɓa gyara masa ƙofa. Tun da ya ambaci Asabar murnata ta koma ciki. Na daure na ce ai ranar babu kowa. Ya ce yawwa, abin da yake so ke nan, shi bai taɓa duba ɗaki mutane suna ciki ba, sai an fitar da kowa da komai ake gane gaskiyar gini. Ban san yadda zan ce masa wannan ba irin wancan ba ne. 

Muka je da safe, maigadi ya buɗe mana. Ranar ba a kawo wuta ba, mai walda yana zaune a ƙofar shagonsa yana shan shayi. Wancan ajin babu kowa, namu babu kowa, sai tattabaru. Baba ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufi, ya ce wanda ya buga kwanon nan Allah ya shirye shi. Ya girgiza katakon da ya raba ajin, ya ce ko kejin kaji shi ba zai yi da irin wannan ba. Na ji daɗi, na ce ga shi yana gani. Sai ya ce in nuna masa wurina. Ya zauna a bencina, gwiwoyinsa ba su shiga ƙarƙashin teburin ba sai da ya karkace. Ya miƙo mini littafina ya ce in je gaban allo in karanta, kada in ɗaga murya, in yi yadda na saba. Na je na tsaya inda Malama take tsayawa. Ban taɓa ganin ajin daga nan ba, Baba ya yi mini ƙanƙane can ƙarshe. Na karanta da wannan muryar tawa da kika sani, shi kuma yana maimaitawa, bai rasa ko kalma ɗaya ba, har inda na bar giɓi sai da ya ce nan na tsallake wani abu. Sannan muka yi musanya, ya je gaba ya karanta, ni na zauna a baya na maimaita masa duka daidai. Ya ce ɗakin yana ɗan amsa kuwwa, amma ba wadda za ta hana mutum ji ba. Ya ce ni da muryata kamar ta sauro ya ji ni, balle malamar da aikinta ke nan. Maigadi ya ɗan sa baki, ya ce gaskiya ranar karatu wurin nan kasuwa ne, shi daga bakin ƙofa ma kansa ciwo yake. Baba ya ce shi ma a tsakiyar ƙarar zarto da guduma ya koyi sana'a, kuma bai taɓa ce wa maigidansa bai ji ba. Na so in ce ai maigidansa a gefensa yake tsaye, yana nuna masa da hannu, ba daga nesa yake karanto masa ba. 

A hanyar gida ya yi mini maganar. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi, amma a hankali ya yi ta, har yana riƙe mini hannu wurin tsallaka titi. Ya ce an duba kunne lafiya, an duba ɗaki lafiya, to me ya rage. Ya ce ba ya fushi da ni, ba kowane kai aka yi don boko ba, karatun firamare daban na sakandare daban, shi ma nan ya tsaya kuma bai mutu ba. Ya ce idon Umma ya fara ba ta wahala wajen zura zare, tana bukatar hannu, kuma gara in koyi ɗinki tun yatsuna suna da laushi da in tsufa a kan benci ana yi mini dariya. Ya ce duk da haka ba zai zalunce ni ba, zai jira jarrabawa, in na ci in ci gaba, in ban ci ba kada in ce bai yi mini adalci ba. Na ce to. Abin da na ce ke nan, Gwaggo, to.

Kada ki ɗauka Malama muguwa ce. Muryarta a dishe take kullum, da filas ɗin ruwan ɗumi take shigowa, wani lokaci tana tsakiyar magana sai muryar ta ɗauke, ta dafa teburi ta jira. Ranar Litinin da ta wuce na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga hannu. Doguwa ta zungure ni ta ce ko aljanu ne suka hau ni. Malama ta nuna ni, na miƙe na ce don Allah ba ma ji a baya. Ta sa hannu a kunne. Na sake faɗa. Ta ce in buɗe baki, na gane haka ne daga yadda ta yi da hannunta. Na faɗa karo na uku. Sai ta taho da kanta, tana ratsa tsakanin layuka har ta iso bencinmu, ta sunkuyo na gaya mata a kunne. Tana nan tsaye mai walda ya kunna injinsa, malamin aji biyu yana jan 'yan ajinsa suna maimaita lissafi da ƙarfi a bayanmu. Wata a layin farko ta yi mata tambaya, na ga Malama ta juya, ta ƙanƙance ido tana kallon bakin yarinyar, daidai yadda nake yi. Ba ta ji ba. Ta dubi katakon, ta dubi rufin, ta dube ni. Na ce a raina yau dai an gani. Sai ta ce mini a hankali ta sani, ta rubuta wa ofis tun bara a sa silin a ƙarasa bangon, an ce ana dubawa. Na ce ko za ta mai da ni gaba. Ta ce jerin zama ba a hannunta yake ba, kuma in ta ɗaga ni wa za ta saukar, ga mutum ashirin a baya duk irin halina. Ta dafa kafaɗata ta ce in ƙara ƙoƙari. Ta koma gaba, ta yi kamar minti biyar tana magana da ƙarfi sosai, ina ji, ina rubutawa hannuna har yana ciwo, sai tari ya sarƙe ta. Da ta sha ruwa ta ci gaba, muryar ta koma yadda take.

Tun daga ranar ban san abin da zan ƙara yi ba. Ina komawa gida da ciwon kai, wuyana a sage saboda miƙa shi. Ina karanta abin da ke littafina har na haddace, amma na haddace ne da giɓinsa, in tambaya ta faɗa cikin giɓi sai dai in zauna ina kallon takarda. Shekaranjiya aka ce za a yi mana bitar abin da zai fito, ana farawa ruwa ya sauko. Ruwa a kan kwanon nan, Gwaggo, ko na gaba sai da suka taso suka kewaye teburin Malama, mu kuma monita ta ce kowa ya zauna a layinsa kada a yi cunkoso. Muka zauna muna kallon bakinta yana motsi har aka tashi. Doguwa ta ce in kwantar da hankalina, ita an riga an sama mata wurin koyon kitso, in ina so ta yi mini magana. Tana dariya take faɗa, amma ta daina kawo biro makaranta. Wani lokaci ni ma sai in ce ko Baba ne yake da gaskiya, ko kan nawa ne ya tsaya, tunda manya biyu sun duba ba su ga komai ba. Sai in tuna minti goman nan na layi na uku, yadda komai ya shiga kaina ba wahala, sai kuma in rasa wanda zan yarda da shi.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. Ba na ce ki yi masa faɗa ba, kuma ba na ce ki sa ya janye maganarsa ba, na san ba ya janyewa. Ki roƙe shi kawai ya sake zuwa sau ɗaya, ranar karatu, Talata ko Laraba, wajen ƙarfe goma, lokacin da kowa yana ciki kuma akwai wuta. Ya zauna a bencina darasi ɗaya, in ba shi biro da takarda ya rubuta abin da Malama take faɗa. In ya rubuta shafi ɗaya babu giɓi, na yarda kaina ne, ba zan sake cewa komai ba. In kuma bai iya ba, shi babba ne, ƙila in ya shiga ofis a saurare shi, ko a bar ni in zauna a ƙasa a gaban allo na mako ukun nan, ba na son benci ma. Na san zai ce kunya ce babban mutum ya bar shago ya zauna cikin yara, na san kuma zai ce ya riga ya duba. Ki ce masa ni na rubuto miki, ba ɓoyewa nake yi ba, faɗa masa a fuska ne ba zan iya ba. Direba ya ce ledar za ta yi kwana huɗu ko biyar kafin ta iso, don Allah ranar da ta zo hannunki ki kira shi, kada ki jira ƙarshen mako.

Dalilin da ya sa na ce ki yi sauri shi ne, jiya da yamma Baba ya shigo da wata sabuwar kujera a kafaɗa, ƙarama marar majingina. Ya ajiye ta gaban tsohon keken Umma, wanda aka daɗe da rufewa da zane, ya ce in zo in zauna ya gani. Na zauna. Ya durƙusa ya duba ko ƙafata tana kaiwa wurin takawa, ya ga da ɗan saura, ya fita da ita tsakar gida ya rage ƙafafun da zarto, ya goge bakin da kyau don kada ya kama mini zane. Katako mai kyau ya sa, irin wanda yake ajiyewa don aikin manya, har ya shafa mata mai tana ƙyalli. Na sake zama, ta yi daidai. Ya tambaye ni ta yi, na ce ta yi, na gode. Umma tana gefe tana ninke kaya, ba ta ɗago ba.

Ki gaishe mini da Baffa da kyau, ki gaida Yaya babba da amaryarsa, da 'yan biyu, ki ce ina nan ina ajiye musu hotunan da na yanka daga tsofaffin jaridu. Kaka tana gaishe ki duk da abin da ta ce. Umma ta ce ki gwada rigar, in hannun ya matse ki dawo da ita ta hannun direba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki same shi a lokacin da ransa yake a sake.

Ni ce 'yarki,
Auta